Ɗigo Uku a Gindin Ƙofa

Shekara ashirin da bakwai na yi ina walda a shago ɗaya, ba a taɓa kirana bakin ƙofa an ce in tafi gida sai kasuwa ta dawo ba. Kuma ba sa'a ba ce, tsari ne. A shagon Maigida in aiki ya ja baya, wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita. Ranar biya Maigida zai kira mutum gefe, ya ƙara masa na mako biyu, ya ce Allah ya sada mu da alheri. Ba cin mutunci, ba dogon turanci. Na ga an yi wa mutum sama da talatin haka. Ni ma na taɓa zama na ƙarshe, na yi shekara uku gabana na faɗuwa duk ƙarshen wata, na daure har na zama na farko.

Na farko shi ke da teburin farko, kusa da iska, kusa da babban inji. Shi ke da kwana shida cur a mako. Sannan ga alama. Kowannenmu yana ɗiga alamarsa da sandar walda a kusurwar ƙasa ta duk ƙofar da ya haɗa, don in ta dawo da aibi a san wuyan da za a kama. Tawa ɗigo uku ce a jere, kuma tawa ba ta dawowa. A hankali masu gini suka gane. Su zo su ce mai ɗigo uku suke so, su ƙara wani abu a kan farashi, Maigida ya raba ƙarin biyu ya ba ni rabi. Har sunana ya ɓace, kowa Ɗigo Uku yake ce mini. Makaranta ma aji uku na yi, don haka sunan bai yi ƙarya ba.

Bara Maigida ya faɗi, ɓarin jikinsa ya mutu, baki ya karkace. 'Yarsa ta karɓi makulli. Ta yi karatun tattalin arziki har sau biyu, ta zo mana da farin allo da alƙalami mai warin fetur, ta kafa a jikin bangon da muke rataya gilashin walda. Muka sa mata Manaja. Ni na fara kiranta haka, kuma ba don girmamawa ba.

Ba ta yi wata huɗu ba gini ya tsaya a gari. Siminti ya yi tsada, masu kuɗi suka naɗe hannu. Mu tara ne a shagon, aikin da ke shigowa na mutum biyar ne da ƙyar. Kowa ya san huɗun da za su tafi, su ma sun sani. Na ƙarshensu Bahago ne, wani siririn mutum mai 'ya'ya huɗu da ya zo mana wata takwas da suka wuce bayan an rufe kamfanin da yake. Har ya fara kwashe kayansa kaɗan-kaɗan a leda.

Sai Manaja ta tara mu gaban allonta ta ce ba wanda zai tafi.

Ta zana da'ira. Ta ce in ta kori mutum huɗu, gida huɗu sun daina saye wurin mai kanti, mai kanti ya fasa ƙarasa ɗakin da yake ginawa, ɗakin da ba a gina ba kuwa ba ya buƙatar ƙofa. Wai kowa na matse hannu don ya tsira, matsewar ce ke kashe kowa. Wai lokacin da kasuwa ta kwanta, lokacin ne ya kamata mai hali ya kashe fiye da abin da ke shigo masa, ya cike giɓin in ta tashi, kuma wai gwamnatoci ma da sun san ciwon kansu haka za su yi. Saboda haka ta karɓi rance a banki. Za ta sayi fallen ƙarfe yanzu da masu sayarwa ke neman kai da shi, mu haɗa ƙofofi ko ba wanda ya ce a yi masa, a jera a sito. Wata shida ta ba abin.

Na ce mata gwamnati tana da injin buga kuɗi, mu injin walda gare mu, kuma ko shi sai an kawo wuta.

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce ta san da haka, shi ya sa ta ce wata shida ba ta ce har abada ba. Sannan ta juya allon, a bayansa ne mugun abin yake. Aiki za a raba daidai. Kowa kwana huɗu a tebur, kwana ɗaya a waje yana neman masu saye, biyu-biyu. Tebur kuma juyawa za a riƙa yi, ba na farko ba na ƙarshe. Alama an soke. Kowace ƙofa za a manna mata ɗan tambarin shago da ainihin kaurin ƙarfenta a rubuce, domin in masu saye na zaɓen hannu, manya za su kwashe aikin, rabon ya zama na baki.

Na ce, "Wato ni da furfurata zan fita talla."

Ta ce, "Baba, ni ma zan fita."

"Ke ai karatunsa kika yi. Ni kwana shida na iske a shagon nan, na biya su da idona da bayana. Wa ya ba ki izinin ki yanka biyu ki ba wanda ko takalminsa bai san hanyar shagon ba?"

Ta ce ba ta ƙwace mini komai ba, aikin ne babu. Na ce aikina yana nan, na wasu ne babu. Ta ce adalci take so ta yi. Na ce adalci shi ne wanda ya daɗe ya ci daɗewarsa, ba a zo rana tsaka a auna shi da mudu ɗaya da baƙo ba. Bahago yana tsaye yana kallon ƙasa, ledarsa a hannu. Manya uku daga cikinmu da na zaci za su mara mini baya suka yi tsit kamar an ɗinke musu baki. Ɗaya daga baya ya ce mini ƙanin matarsa na cikin huɗun. To.

Na je wurin Maigida da yamma. Yana kwance a falo, an jingina shi da matashi. Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana kallona, ya motsa baki, abin da na iya tsinta kawai shi ne a bar ta. Na tashi ban sha ruwan da aka kawo mini ba.

Matata ta ce kwana biyar ai ba yunwa ba ce, in yi haƙuri in ga ƙarshen wata shidan. Na ce mata ba yunwa nake tsoro ba. Ta ce ta sani, abin da ke damunta ke nan.

Haka aka fara. Ran Litinin na iske Bahago a teburina, ya juya mini komai baibai, abin riƙe sanda a hagu, guduma a hagu. Ni aka tura can ƙurya kusa da fenti inda hayaƙi ke taruwa. Mako biyu na bi doka. A na uku na gama wata ƙofa, na tsaya na dube ta, ɗinkinta sumul kamar an zana, a ce wannan za ta shiga sito ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ta kowane kare da doki ba mai sanin uban da ya haife ta. Na sunkuya na ɗiga uku, ƙanana, can ƙasa inda jan fenti zai rufe. Daga ranar ban fasa ba.

Ranar tallata Laraba ce, kuma Bahago aka haɗa ni da shi. Na tabbata da gangan ta yi. Mu fita da jaka cike da takardu masu hoton ƙofa, da wani guntun ƙarfe na gwaji, mu bi unguwannin da aka fara gini aka bari. Shi ke magana, ni ina baya kamar ɗan rakiya. Ya iya baki, ban hana masa wannan ba. Ya ce wa mutane su auna kaurin da kansu, in ya gaza abin da aka rubuta su dawo da ita. Ana ɗan saye, ɗaya yau, biyu jibi. Sito kuwa yana ta cika. A wata na uku sai da muka fara jingina ƙofofi a bayan banɗaki. Duk wanda ya wuce sai na ce masa ya zo ya ga arzikin boko, ƙofa casa'in ba ɗaki ko ɗaya.

Wata Laraba muka faɗa wani babban gini, ɗakunan haya ne jere biyu, ana ɗora rufi. Mai kwangilar tsohon mai sayenmu ne, wani ƙaton mutum mai son wasa. Yana ganina da jaka ya riƙe ciki.

"Ɗigo Uku, kai ne da talla? Ina farantin naka?"

Na ce masa duniya ce. Bahago ya fara karanta masa karatunsa na kauri da tambari, mutumin ya ɗaga masa hannu. Ya ce shi ƙofa talatin yake so nan da mako uku, kuma bai san wani tambari ba, hannuna ya sani. Ya ji an ce yanzu an cakuɗa. Waɗanda ke siton, aikin hannuna ne ko na gayya ne?

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ba a tambayata in yi shiru. Na ce masa ya duba kusurwar ƙasa ta dama, ya kankare fenti da farce. In ya ga uku, tawa ce, na tsaya mata har gaban alƙali. In bai gani ba, ban ce mara kyau ba ce, ban kuma ce mai kyau ba ce.

A hanyar dawowa Bahago ya tsaya a bakin titi. Ya tambaye ni guda nawa na ɗiga wa. Na ce sha uku, kafin mako uku su kai sha shida. Ya ce mutumin talatin yake so. Na ce wannan matsalar mai allo ce. Ya ce in aka rasa cinikin nan, wata shida na cika shi ne a waje. Na ce da ma can a waje ya kamata ya kasance tun watanni uku da suka wuce, kowane kwanan da yake ci a shagon daga nawa aka yanko masa. Ya dube ni ya ce ya gode. Na zaci zai kai ƙarata, na ma shirya abin da zan faɗa. Bai kai ba.

Ranar da mai kwangila ya zo da babbar mota, da hantsi ne, kowa na nan. Manaja ta fito da fara'arta, wannan ne ciniki mafi girma tun da ta kafa allo. Mutumin ya ce a fito masa da su ɗai-ɗai zai duba. Ya tsuguna da ƙyar, ya sa makullin motarsa yana kankarar kusurwa. Wadda ya ga abin da yake nema ya ce a loda, wadda bai gani ba ya ce a mayar. Manaja ta tambaye shi me yake dubawa. Ya ce ɗigo mana. Ta juyo ta dube ni. Na dube ta ni ma, ban ƙifta ba.

Ina tsaye ina ƙirgawa. Sha huɗu, sha biyar, sha shida. Na ce a raina shi ke nan, sai a ga yadda za ta yi da allonta. Sai aka loda ta sha bakwai. Aka loda ta sha takwas. Aka kai ashirin da biyu ana ci gaba.

Na haye motar. Na jawo ta ƙarshen na kwantar, na kankare. Ɗigo uku, a jere, girmansu daidai da nawa. Na ɗaga ido na dubi ɗinkin kusurwa. Duk mai walda ya san wannan: na dama yana jan sanda daga hagu zuwa dama, ɗinkin ya kwanta kamar ɓawon kifi ta fuska ɗaya. Wannan ya kwanta ta ɗaya fuskar. Mutum ɗaya ne a shagon ke ja daga dama.

Na ce a tsayar da lodi. Na ce wa mai kwangila ana cutarsa, wannan ba tawa ba ce, ta wancan ɓarawon ce. Na nuna shi da guduma.

Bahago bai gudu ba, bai kuma musa ba. Ya ce ranakun da aikin fenti ya faɗo kansa ya yi, kuma a kan nasa kawai ya ɗiga, guda sha huɗu, bai taɓa ta kowa ba.

"Ka saci sunana."

"Yaya, sunan da aka ce an soke? Ni doka ɗaya na karya, wadda ka fara karyawa."

"Shekara ashirin da bakwai ke cikin ɗigon nan, kai ɗan wata takwas."

"Sha ɗaya yanzu. Kuma kafin nan na yi shekara sha tara a wani wurin, ba ka taɓa tambaya ba."

Na ce to yau za a ga sha tara. Na ce a jingina ƙofarsa da bango. Manaja ta ce Baba ka bari, na ce ta matsa kada guduma ta same ta. Na san inda ƙofa ke mutuwa, a kusurwar sama inda nauyi ke rataya. Na ɗaga babbar guduma na sauke da duk ƙarfina. Shagon ya amsa. Fenti ya tashi, ƙarfen ya ɗan lotsa, ɗinkin bai motsa ba. Na ƙara. Na ƙara na uku har kafaɗata ta yi ƙara. Na sunkuya na duba da idona, ko tsagar gashi babu.

Sai mai kwangila ya taso. Ya matso ya shafa wurin da yatsa, ya dube ni, ya fashe da dariya har yana tari.

"To ni Ɗigo Uku, ƙarin me na yi shekara goma ina biya?"

Ya ce a cika masa talatin daga ko'ina, ɗigo ko ba ɗigo, a farashin da ke jikin takarda, ba ƙari ko na sisi. Wadda na lotsa kuma a cire masa ita. Ya ce wa Manaja in dai haka ake gwada kaya a shagonta, zai turo mata wani abokinsa. Har ya hau mota yana dariya.

Motar na fita ta kira mu biyu ofis. Ɗan ɗaki ne, tebur ɗaya, fanka mai kuka, kujerar Maigida da ba ta taɓa zama a kai ba. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce wa Bahago abin da ya yi yaudara ce, ko ƙofar ta fi dutse ƙarfi, mutumin ya nemi hannu ɗaya an miƙa masa wani, kuma ita ba ta rubuta gaskiyar kauri a jikin ƙofa don a yi ƙarya a gindinta ba. Ni kuma ta ce na yi wa shagon zagon ƙasa a gaban mai saye, na zubar da mutum takwas don in ɗaga kaina. Hukunci ɗaya ne. Kowannenmu an yanke masa kwana biyu. Sannan duk ƙofar da ta rage a shago mai ɗigo, har waɗanda ke kan tebur ba a gama ba, wanda ya ɗiga ya ɗauki injin gurza ya share da hannunsa kafin a tashi.

Na ce wato ni da ɓarawon hukuncinmu ɗaya.

Ta ce, "Ɗaya, Baba."

Na ce ubanta ba zai taɓa yin haka ba. Ta ce gaskiya ne, shi da tuni ya sallami mutum huɗu ya huta, ita ce ta ɗauko wa kanta wannan. Ta ce ba ta son in tafi, babu mai hannuna a shagon, tana so ma in riƙa duba aikin kowa kafin ya shiga sito. Na ce mata ta daina shafa mini mai, gudumar ta riga ta faɗi abin da ta faɗa. Na tambaye ta abu ɗaya: in wata shida suka cika kasuwa ta dawo, za a mayar mini da teburina da alamata? Ta ce kwana shida za su dawo ga kowa. Tebur da alama ba za su dawo ba.

Na fito. Ƙofofina biyu ne ke kan tebur a ƙurya, na gama waldarsu jiya, ɗigon ko fenti bai hau ba. Bahago ya riga ya jona injin gurza, ya gama da wadda na lotsa, ya miƙo mini injin ta wajen mariƙi. Na bar shi da hannu a miƙe. Na buɗe akwatina na zuba abin da yake nawa: gilashi, safar hannu, guduma biyu, ƙaramin ma'auni. Sauran na shago ne, ban taɓa ko ƙusa ba. Manyan nan uku suka taso suna cewa in tsaya a yi magana, na ce lokacin magana suna ina. Manaja ta biyo ni har bakin titi tana Baba, Baba. Ban juya ba. Na ji injin ya tashi a bayana, ban san wa ya ɗauka ba.

Na isa gida rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba. Matata na shanya, ta ga akwatin a kafaɗata, ta ajiye rigar da ke hannunta. Na faɗa mata yadda aka yi tun daga motar har ofis, ban rage ba, har gudumar. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Malam, ita kwana ɗaya ta rage maka, ɗaya ta sa ka yawo. Huɗun da suka rage kai ka kai mata har gida."

Na ce ba a tambaye ta ba. Ta ce ai ba a taɓa ba. Ta ɗauki rigarta ta ci gaba da shanya.

Na ajiye akwatin a zaure na zauna a kansa. Akwai wani mai gyaran mota a bakin kasuwa da ke da tsohon injin walda yana ruɓewa a bayan shagonsa. Mun yi faɗa da shi shekara biyu da suka wuce a kan wata magana, ban ƙara gaishe shi ba. Na zauna ina lissafin yadda zan shiga wurinsa ba tare da na ba shi haƙuri ba.